Zaren Kaset a Gonar Shinkafar Malam

Ranar wata Litinin ce a ƙarshen daminar 1997, tsakanin azahar da la'asar, na fara jin kiɗan da ya so ya raba gidanmu. Muna zaune a zaure, mu yaran unguwa, maza gefe guda mata gefe guda, kowa da allonsa a cinya, ana ta rera karatu kamar kullum. Mahaifina, wanda kowa har mu ƴaƴansa muke kira Malam, yana kan buzunsa yana fiƙe alƙalami da reza. Sai ga wata ƙara ta taso daga ɗakin da ke bayan zauren, kamar an tayar da injin casar shinkafa an jefa masa guntun ƙarfe. Bayan ƙarar sai ganguna, bayan gangunan sai muryar wani Bature yana ihu iya ƙarfinsa, ka ce wuta ce ta kama masa riga. Karatu ya tsaya cak. Wata ƙaramar yarinya ta fashe da kuka, manyan yara maza kuwa, marasa ta-ido, suka soma gyaɗa kai a ɓoye suna bin gangar. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ajiye rezar, ya daɗe yana duban bangon da ƙarar ke fitowa, sannan ya ce kowa ya jingine allonsa ya tafi gida. Ni da yake gidanmu ne, sai na shige ciki wurin kakata kamar ni na yi laifin.

Mai ɗakin shi ne Baffa Ilu, ƙanin Malam, autan kakarmu Iya. Kafin ya shiga soja, babu mai barkwanci irinsa a ƙauyenmu da ke gefen babban kanal ta wajen Bunkure. Shi ya koya wa rabin yaran garin iyo, shi ke ɗora ni a kan keke ya kai ni kasuwa ya sayo mini rake, shi ke kwaikwayon tafiyar dillalan tumatir har Iya ta riƙe ciki don dariya. An tura su Laberiya aikin kwantar da tarzoma, muka daɗe ba labari. Da ya dawo a farkon wannan daminar, wani mutum ne daban ya sauko daga mota. Ya rame, idanunsa sun faɗa, ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, kuma in injin ban-ruwa ya yi tari daga nesa sai ka ga kafaɗunsa sun zabura. Bai dawo mana da tsaraba ba. Abin da ke cikin jakarsa ƴan kaya ne, da rikoda mai cin manyan batir, da kaset guda ɗaya tal. Watanni ya yi yana jin kaset ɗin ƙasa-ƙasa, kunnensa a jikin rikodar. Ranar Litinin ɗin nan ce ya fara ƙure murya, daga nan kuma bai sake ragewa ba.

Ni a lokacin ina ƴar shekara goma, kuma duniyata ba ta wuce tsakanin gida da kanal ba. Da safe shara da wanke-wanke, in kai wa tumaki dusa, in ɗebo ruwa, sannan makarantar boko. Da rani muna cikin kwamin tumatir da albasa, muna tsince ruɓaɓɓu daga kwanduna kafin manyan motoci su zo ɗauka, hannayenmu su yi kore har sabulu ya gaji. Da yamma mu yi ƴar carafke da duwatsun bakin kanal, ko mu yi tseren jiragen kara a kan ruwa, wanda nasa ya maƙale a ƙofar ruwa ya sha tsiya. Amma in shinkafa ta fitar da kai ta soma yin nono, wasa ya ƙare. Lokacin jan-baki ne, ƴan tsuntsayen nan da ba su kai tafin hannu ba amma suke zuwa da yawan da zai cinye wahalar shekara kafin mutum ya sallame salla. Kowane gida sai ya zuba yaransa a gona tun fitowar rana, da gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, da majajjawa, da maƙogwaro. Iya takan ce, "Shinkafa ta Allah ce da manomi, amma sai tsuntsu ya yarda."

Kafin mako ya zagayo, maganar kiɗan Baffa ta gama gari. Wasu suka ce kiɗan aljanun teku ne ya biyo shi, wasu suka ce in aka juya kaset ɗin sunan Shaiɗan ake kira, ko da yake babu wanda ya taɓa juyawa ya ji. Wani maƙwabcinmu ya janye ƴaƴansa daga karatu, ya aiko cewa ba zai kawo su inda ake haɗa allo da kiɗan kafirai ba. Wannan ya yi wa Malam ciwo ƙwarai, don zauren nan gadonsa ne daga mahaifinsa. Ya kira Baffa tsakar gida, a gaban Iya, ya ce masa cikin sanyin murya, kafin a yanke shinkafa ya zaɓi ɗaya: ko kaset ɗin ya bar gidan, ko su bar shi tare. Baffa ya tashi ya koma ɗaki. Iya ta ce wa Malam, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Shi kuma ya ce ƴaƴan mutane amana ne a wuyansa. Dukansu gaskiya suka faɗa, shi ya sa abin ya yi nauyi. Na san abin da Iya ke tsoro, don na ji tana faɗa wa innata a madafa: in Ilu ya bar gidan nan a halin da yake ciki, ƙarshenta a tashar mota za a tsince shi, yara suna jifansa.

Idanun Iya sun riga sun yi hazo a shekarun, amma ba ta yarda a ba ta labarin abu daga bakin gari. Wata rana da hantsi, Baffa ya fita bayan gida, ta aike ni in ɗauko mata kwalin kaset ɗin daga tagarsa. Ta shafa shi da yatsu, ta kai shi dab da hanci, ta miƙo mini ta ce in zama idonta. Na faɗa mata abin da na gani. Sama ja wur kamar garwashi, a ƙasa wani gari mai dogayen benaye duk sun ƙone. A tsakiyar titi ga farin doki da sirdi da linzami, ba kowa a kansa. Ga wani babban agogo a jikin bango, ba shi da allurai. A can kusurwa kuma ga takalmin yaro, ƙafa ɗaya. Iya ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai fassara mafarki. Dokin, in ji ta, mai shi ya faɗi, shi kuma bai san hanyar gida ba. Agogon, mutanen garin ne lokaci ya ƙare musu. Da aka zo kan takalmin sai ta sa na maimaita, ƙafa ɗaya ko biyu. Na ce ɗaya. Ita da ta binne ƴaƴa kafin ta samu masu zama, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Wannan ba hoton Shaiɗan ba ne, Sahura. Hoton gidan makoki ne. Mayar masa kafin ya dawo."

A shekarar jan-baki ya zo da wuri, kuma ya zo da gayya. Gonarmu tana ƙarshen layi, kusa da wasu bishiyoyin ƙaya inda tsuntsayen ke sauka, don haka mu ake fara yi wa sallama. Yayyena maza suna gonar masara, aka bar mini shinkafa ni da ƙanina da bai iya komai ba sai cin gyaɗa. Na kaɗa gwangwani har hannuna ya yi kanta, na yi ihu har muryata ta dushe, ta koma kamar ta kwaɗo. Na dawo gida wata azahar ina kuka ba sauti, na tarar Baffa zaune a ƙofar ɗakinsa, rikodar na ta ruri a gefensa, kaji ma sun bar wajen. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na durƙusa na ce masa da ragowar muryata, "Baffa, wannan kiɗan naka da ya kori mutane, ba zai kori tsuntsu ba?" Ya dube ni kamar bai gane ni ba. Can sai gefen bakinsa ya motsa, abin da ban gani ba tun dawowarsa. Ya ce, "Ke dai ba ki da kunya, ƴar Malam." Washegari da sassafe na ga ya rataya rikodar a kafaɗa ya biyo ni.

Ya kuwa yi aiki. Muka ɗora rikodar a kan rumfar kara da ke tsakiyar gona, in garken tsuntsayen ya karkato sai Baffa ya murɗa, jitar da ke cikin kaset ɗin ta yi kururuwa, tsuntsaye su watse kamar an watsa musu ruwan zafi. Yaran gonakin kusa suka riƙa yi mana kallon masu injin. Tsakanin zuwan garke da garke muna zaune a inuwa, ƙafafunmu a ruwa, a nan ne ya soma magana, kaɗan-kaɗan. Ya ce sunan irin kiɗan rok. Ya ce kaset ɗin ba nasa ba ne, na wani abokinsa ne, Sande, mutumin Binuwai, da suke ramin yaƙi ɗaya a can, suke cin abinci a kwano ɗaya. Sande bai dawo ba. Shi ya riƙa fassara masa waƙoƙin, har Baffa ya haddace ma'anarsu. Na matsa masa ya faɗa mini, ya faɗa: wai rana ta mutu, ƙasa ta tsage, koguna sun juye jini, tsuntsayen ƙarfe suna zubo wuta daga sama, uwa ta ajiye ɗanta a titi ta ruga. Na ji tsigar jikina ta tashi, don a makon nan abin da ke rubuce a allona ke nan, surorin da ke maganar ranar da ƙasa za ta girgiza, duwatsu su tashi kamar saɓin auduga. Na ce, ashe Turawa ma sun san da tashin Alƙiyama. Baffa ya ce, "Sun sani. Mu kuma a can mun ga samfurinta, da rana tsaka. Gani ya kori ji."

Labari ya kai wa Malam cewa kiɗan ya koma gonarsa, kuma ƴarsa na zaune a gindinsa. Ranar bayan la'asar na hango shi yana tahowa a kan gaɓar kwami, ya tattare riga, fuskarsa ba walwala. Na so ƙasa ta tsage da gaske in shige. Baffa ya kai hannu zai kashe, Malam ya ce ya bari. Ya tsaya da hannaye a baya, yana sauraron wannan ihu, shi da ko rediyo ba ya buɗewa sai don labarai. Sannan ya zauna a bakin rumfar ya ce, "Faɗa mini abin da yake cewa, kada ka rage komai." Baffa ya bi waƙar yana fassarawa har ƙarshe.

Malam ya ce, "To bayan an ƙone, sai me?"

"Shi ke nan, Yaya. Sai shiru."

"Ba tashi? Ba a tara mutane a tambayi kowa abin da ya yi?"

"Babu. A waƙar babu."

Malam ya jinjina kai ya daɗe. Ya ce, "Wannan bawan Allah ya hango rabin ranar, ya tsaya a nan yana kururuwa. Ai dole ya yi ihu. Tashin duniya ba hisabi, wa zai iya ɗaukar wannan? Ni na ɗauka fitsara yake yi, ashe tsoro yake ji." Ya juyo ya dubi ƙaninsa. "Kai ma a nan ka tsaya, Ilu?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Waɗanda suka kashe Sande yara ne, Yaya, ba su fi Sahura ba. Wa zan riƙe? Wa zai bi masa hakkinsa?"

Malam ya ce, "Wanda ya yi shi. A wurinsa ko ƙwayar zarra ba ta ɓata, ta Sande da ta yaran duka. Ba kai aka ɗora wa wannan kayan ba."

Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka ba sai ranar. Na kawar da kai, na yi kamar ina gyara gwangwanina, ni ma hawaye na zuba, don tausayin Baffa da kuma tausayin wani Sande da ban taɓa gani ba.

Ana cikin haka muryar Baturen ta soma ja kamar mai jin barci, sai ƙis, rikodar ta tsaya. Ta cinye kaset. Baffa ya buɗe, ga zaren ya cukurkuɗe a cikin ƙarafa. Na zaro biron makaranta daga ɗan kwalina, don mun iya naɗe kaset da biro, amma kafin in miƙa masa sai haske ya ragu a kanmu. Na ɗaga kai. Garken yamma ne, wanda ya fi kowanne girma, ya taso daga bishiyoyin ƙaya ya rufe rana, yana murɗawa yana buɗewa, fukafukansa na ƙara kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Daga gonakin kusa ihu ya tashi da ƙarar gwangwanaye. Ni ba murya, rikoda ta mutu. Malam da kansa ya cire hula yana kaɗawa, yana bin gaɓa da gudu, abin da ɗalibansa ba za su taɓa yarda ba in an ba su labari. Muka kore su da ƙyar, sun ɗan taɓa gefen gabas, kuma kowa ya san gobe da safe za su dawo.

A wajenmu akwai wata dabara da kowane manomi ya sani. In aka samu mataccen kaset, sai a zare zarensa a ɗaura a kan karare, a ja shi tsallake-tsallake a saman shinkafa. Rana ta haske shi yana walƙiya, iska ta kaɗa shi yana wani siririn kuka, tsuntsu ya kasa sakin jiki ya sauka. A shekarar an riga an wawashe duk tsofaffin kaset na garin. Na Baffa kuwa bai mutu ba, wuri ɗaya ne ya tauye, da biro da ɗan haƙuri zai tashi. Ya riƙe shi a hannu yana juyawa, ni ina miƙe da biro. Malam gefe yake kallo. Sai na ga ya sa ɗan yatsa ya jawo zaren, ya ci gaba da ja, baƙin zare mai sheƙi yana taruwa a ƙafarsa. Ya miƙa wa Malam bakin zaren ya ce, "Riƙe mini nan, Yaya." Ni na yi ta kakkafa karare, Baffa na tafe da baya a kan gaɓa yana warwarewa, Malam na tsaye riƙe da ɗaya bakin da hannu biyu, kamar an ba shi ajiyar ƙwai. Kafin magariba mun zagaye gonar. Da iskar yamma ta taso, zaren ya ɗauki kuka, siriri, mai daɗi, ba ganga ba ihu. Baffa ya tsaya yana saurare ya ce, "Sande manomi ne. Da zai ga wannan, dariya zai yi."

Malam bai taɓa cewa ya janye maganarsa ba, ba halinsa ba ne. Abin da na sani, da aka fito da tuwon dare ya ce a haɗa nasa da na Ilu a kwano ɗaya a kai zaure. Iya na jin haka ta juya fuska bango tana ta hamdala ƙasa-ƙasa. Mun yanke shinkafar, ba ta cika yadda aka sa rai ba amma ta kai mu wata daminar. Baffa bai warke a rana ɗaya ba. Ya daɗe yana zabura, kuma har ya tsufa bai yarda ya ba ƙofa baya. Sai dai ya karɓi aikin ban-ruwan gonar, ya koma majalisa, daga baya ya yi aure ya tara iyali a gidan nan da aka so ya bari. Maƙwabcin da ya janye ƴaƴansa ya dawo da su, har ya aiko yana tambaya ko akwai ragowar zare.

Yanzu ina zaune a Kumbotso, ina koyarwa, kuma Iya da Malam da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya. In na je gida lokacin da shinkafa ke nono, raga nake gani an shimfiɗa a kan gonaki, da tsummokaran leda, yara kuma na zaune a rumfa kowa da waya a hannu. Babu mai kaset balle ya zare. Kwanan baya na tarar da ɗana ya toshe kunnuwa da abin sauraro na waya yana gyaɗa kai, na zare ɗaya na sa a nawa, sai ga irin ƙarar nan da ihun nan. Ya tsorata, yana jiran faɗa. Na zauna kusa da shi na ce ya faɗa mini abin da mai waƙar ke cewa, kada ya rage komai, ya yi ta kallona kamar na sauya. Bai san a bakin wace rumfa na koyi wannan tambayar ba. Har yau in iska ta kaɗa wayar lantarki ta yi siririn kukan nan, sai in ji ƙamshin ɗanyar shinkafa, in hango mutum biyu a kan gaɓa, kowa riƙe da bakin zare ɗaya, in ji kewarsu ta cika mini ƙirji. Waƙar ta ce duniya za ta tashi. A gonarmu dai, ranar Baffa ya dawo gida.